Tsalle a Bakin Bature, Tsalle a Bakinmu



Duk wanda ya taɓa zama a bencin firamare, ko da na shekara ɗaya ne, ya san kalmar jump. Tana cikin kalmomin farko da ake koya wa yaro, tare da come da go da sit da stand, saboda malami zai iya nuna ta da jikinsa ba sai ya yi dogon bayani ba. A ce jump, yara su daka tsalle, shi ke nan an gama darasi. Haka aka koya mana, haka kuma ake koya wa 'ya'yanmu yau a makarantun Lafia, na gwamnati da na kuɗi. Inda gizo yake saƙar shi ne da yawa a nan ake tsayawa. An riƙe jump a matsayin tsalle an rufe littafi, alhali Bature yana da kalmomi sun kai goma na wannan aiki, kuma ita kanta jump ɗin tana shiga wuraren da ƙafa ba ta barin ƙasa ko kaɗan, irin su kotu da layin gidan mai da shafin jarida.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, me ya kawo shi mujallar unguwa? Irin zaman da muke yi a garin nan ne ya kawo shi. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gida. Iyayenmu da kakanninmu sun zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, wani fatauci ya kawo shi, wani almajiranci, wani kuma jirgin ƙasa ne ya sauke shi a tasha ya ga wuri ya yi masa. Sun tarar da garin da Barebari suka kafa, har ake ce masa Lafiyar Barebari, kewaye da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi. Hausa ce ta haɗa kowa da kowa a kasuwar doya da ta riɗi da ta agushi, kuma wannan abin godiya ne. Sai dai harshen da ya zama na ciniki tsakanin ƙabilu yakan rage kaya, kamar matafiyin da ya san hanya da nisa. Kalmomin da ake buƙata a taya buhu a biya kuɗi su ke tafiya, sauran a bar su a gida. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tun ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Jihar Nasarawa daga Filato aka mai da Lafia babban birninta, Turanci ya ƙara nauyi a rayuwarmu. Ofisoshi sun zo, kotuna sun ƙaru, a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya. Yaronmu na yau yana tsaye tsakanin Hausar kasuwa da Turancin firamare, kuma kowanne an rage masa kaya. Maganar tsalle 'yar taga ce da za mu leƙa mu ga yadda abin yake.

Bari mu bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Jump ita ce ta gama-gari, kowane irin tsalle tana ɗauka, sama ko ƙasa ko gaba. In yaro bai san wata ba ya yi amfani da ita, ba za a ce ya yi kuskure ba, sai dai maganarsa ta fito kamar miyar kuka ba daddawa. Abin mamaki kuma tana cikin masu ƙarancin shekaru. Sai a ƙarni na 16 ta bayyana a rubutun Turanci, yayin da leap da hop suna nan tun tsohon Turancin da ya haura shekara dubu.

Leap dogon tsalle ne mai ƙarfi wanda ake cin tazara da shi, irin na barewa in ta ji motsin maharbi, ko na mutumin da ya zo bakin kwata bayan ruwan sama, ya ja da baya, ya sheƙo da gudu ya tsallake. An fi ganinta a rubuce fiye da a hira, kuma ita ake ɗauka in ana maganar babban ci gaba da aka samu lokaci guda. Da Neil Armstrong ya taka wata a 1969, da ita ya kwatanta abin da ɗan Adam ya cim ma a ranar. Da ita kuma Turawa suka fassara sunan shirin da Mao ya ƙaddamar a ƙasar Sin a 1958, Great Leap Forward, wanda aka so a mai da manoma masu masana'antu cikin 'yan shekaru, ya ƙare da yunwar da ta kashe miliyoyin mutane.

Hop gajeren tsalle ne. Ga mutum, da ƙafa ɗaya ake yinsa, wato dai abin da muke yi a wasan langa, in ka kama ƙafa ɗaya ta baya ka nufi sha da ɗayar. Ga kwaɗo da zomo da tsuntsun da ke tsintar tsaba a tsakar gida, shi ne tafiyarsu ta kullum. Sunan fara ma daga nan Bature ya samo shi, grasshopper, mai tsalle a ciyawa. In kuma kuka ji saurayi ya ce zai hop a kan acaɓa, nufinsa zai ɗare da sauri ne ya je ya dawo, ba wai zai yi langa a kan babur ba.

Skip ita ce tafiyar yarinyar da aka aika sayen ƙuli-ƙuli tana cikin nishaɗi, taki ɗaya ɗan tsalle ɗaya. Tsallen igiya ma skipping ne. Amma ma'anarta ta biyu ta fi shiga rayuwarmu, wato a tsallake abu a bar shi. Duk mai wayar hannu ya san wurin da ake dannawa a YouTube in talla ta fito. Yaron da ya bar gida da jaka bai isa aji ba, skip ya yi. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ta jikin takardar magani, in an rubuta do not skip a dose, ma'ana kada a tsallake lokacin sha ko sau ɗaya. Mai shan maganin hawan jini ko na tarin fuka, wannan 'yar kalma tana tsakaninsa da komawa gadon asibiti.

Spring ita ce zabura, tashi farat ɗaya daga zaune ko daga laɓe. Mun ma daɗe da aro ta ba mu lura ba, domin sifirin ɗin mota da na gado ita ce, ƙarfen da in an danne shi aka saki sai ya zabura. Ita ce kuma marmaro, inda ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙasa, ita ce sunan lokacin da tsirrai ke tohowa bayan sanyi a ƙasashen Turai. Bound tuma ce, dogayen tsalle a jere, irin na maraƙi in an kwance shi da safe. Vault shi ne ka dafa hannu ko sanda ka haura abu, kamar yadda samari ke dafa katangar makaranta. Pounce aikin kyanwa ne in ta gama laɓe ta dira kan ɓera. Dive faɗawa ruwa ne da kai, kuma duk wanda ya taɓa zuwa filin wasa na cikin gari kallon Nasarawa United ya ga gola yana yi, ya kuma ga ɗan wasan gaba yana yin na ƙarya don a ba shi fenariti. Bounce kuwa ta ƙwallo ce, ta bugi ƙasa ta dawo.

To mu fa? Wanda ya ga wannan jeri zai iya cewa kai, Turanci akwai arziki, mu kuwa tsalle kawai muke da shi. Wallahi ba haka ba ne. Bature ya raba tsallensa ne bisa yadda jiki ya yi, mu kuma mun fi raba namu bisa inda aka nufa. In daga sama ne zuwa ƙasa, dira ce. In katanga ce ko danga, haurawa ce. In rami ne ko kwata, tsallakewa ce ko ƙetarewa. In cikin ruwa ne ko rijiya, faɗawa ce. In kan doki ne ko babur, ɗarewa ce. In daga zaune ne, zabura ce. Ga tuma, ga alkafura. Ku duba ku gani: inda mu kalma ɗaya ta ishe mu, Bature sai ya haɗa biyu. Dira a wurinsa jump down ce, tsallake jump over, faɗa jump into, ɗare jump on. Muna kuma da abin da ba shi da shi sam, wato ɗan wasalin nan na ƙarshe da ke nuna cewa wajenmu aka yo. Ya dira daban, ya diro daban. Ɓarawo ya haura, an ce ya fita ke nan. Ɓarawo ya hauro, to kowa ya tashi, yana cikin gida. Bayan wannan ga 'yan kalmomin da muke ƙawata aiki da su: ya miƙe zumbur, ya farka firgigit, ya yi wuf ya cafke, ya faɗo tim.

Iyayenmu mata ba su taɓa shiga aji an koya musu wannan ba, amma ba sa kuskurensa. In Inna tana tsakar gida ta hango ɗanta a kan katanga, ba za ta ce kada ka yi tsalle ba. Cewa za ta yi, “Kai, kada ka diro! Tsaya Yayanka ya kawo tsani.” Yanzu ku saurari yaran layinmu in suna wasa da yamma. Za ku ji “ya yi tsalle ƙasa”, “ya yi tsalle katanga”, wani ma “ya yi jump”. Dira da haura da zabura suna nan a bakin manya, amma sun fara ƙaranci a bakin yara, musamman waɗanda aka haifa a nan ba su taɓa yin wata guda a Kano ko Katsina ba.

A nan ne maganar ta zama tamu. Mu da muke zama da yara bayan magariba muna duba musu aikin gida mun lura da abu guda. Yaron da ya san zabura, sau ɗaya ake gaya masa spring ya riƙe, domin akwai ƙusar da zai rataye ta a kansa. Wanda ya san tuma, bound ba ta ba shi wahala. Wanda ya yi langa har ƙafarsa ta yi tsami, ba ya rikita hop da leap. Amma yaron da tsalle kaɗai ya sani, in ka ba shi kalmomi goma ka ce duk tsalle ne, hadda kawai zai yi, ranar jarrabawa kuma su cakuɗe masa. Wasu iyaye a cikinmu sun hana Hausa a gida da kyakkyawar niyya, wai don Turancin yaro ya nuna. Abin da muke gani shi ne Turancin da ake yi masa a gidan bai wuce come da go da stop that ba, Hausar kuma an toshe ta, sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Kuma kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, JAMB ma kowane kwas mutum ya zaɓa sai ya rubuta Turanci. Tambayoyin da ke cewa a zaɓi kalma mafi kusa da ma'ana, da waɗanda ke neman fassarar salon magana, daidai irin wannan bambanci suke gwadawa.

Salon maganar nan kuwa ya wuce jarrabawa. Mu ɗauki jump bail. Sau nawa ake zuwa wajen dattijo a unguwar nan, mai shago ko mai gidan kansa, a ce, “Alhaji, don Allah a taimaka, yaron nan ne aka tsare, sa hannu kawai za ka yi”? Sa hannun nan alkawari ne ga kotu cewa za ka kawo wanda ake tuhuma duk ranar da aka neme shi, in kuwa ba ka kawo shi ba za ka biya kuɗin da aka rubuta a takardar. In ya cika wandonsa da iska, lauya zai tashi ya ce ya yi jump bail, daga nan kallo ya koma kanka. Abin bai bar manya ba. A watan Nuwamba 2020 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta tura Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje, saboda Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho da ya tsaya wa beli a kan naira miliyan 500, ya daina zuwa kotu. Sanatan ya yi kwanaki a tsare kafin a ba da belinsa, Maina kuma daga baya a Jamhuriyar Nijar aka kamo shi. In sanata ya kwana a Kuje, ina ga mai sayar da agushi? Ba muna cewa a daina taimakon juna ba ne, zumunci shi ya riƙe mu a garin nan. Muna cewa kafin a dangwala hannu a samu wanda zai karanta takardar ya faɗi abin da ke ciki da Hausa tsantsa, a san nawa ne kuɗin, a kuma san wanda ake tsaya wa.

Haka bounce take a banki. In aka ce cek ya yi bounce, an kai shi ne ba kuɗi a asusun, ya dawo kamar ƙwallo. A Nijeriya tun 1977 akwai dokar da ta mai da ba da irin wannan cek da gangan laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu. Amma in kuka ga saƙon haihuwa an rubuta bouncing baby boy, kada hankali ya tashi, ba a buga jaririn da ƙasa ba. Lafiyayye ne ɓul-ɓul, kuma ana faɗa wa mace ma.

Sauran salon maganar, in muka duba da kyau, kusan kowanne muna da ɗan uwansa a gida, sai dai hoton ya bambanta. Jump the gun daga filin tsere ta fito, mai gudu ya tashi kafin a harba bindiga. Usain Bolt da kansa ya yi haka a wasan ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta Daegu a 2011, aka fitar da shi. Mu cewa muke yi ya riga malam masallaci. Jump ship ta ma'aikacin jirgin ruwa ce da ya gudu ya bar jirginsa, mu kuma tsuntsu muka kalla muka ce ɗan siyasa ya sauya sheƙa. In jaridar Turanci ta ce farashi ya yi jump, kamar yadda litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 bayan jawabin cire tallafi na 29 ga Mayu 2023, mu mun ce ya yi tashin gwauron zabo. Jump the queue tsallake layi ne, kowa ya sha ganinsa a gidan mai da bakin ATM. Jump to conclusions yanke hukunci ne kafin a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Jump-start aikin bakanike ne, a jona batirin wata mota a ta da wadda ta mutu. Inda Bature ke gargaɗin a duba kafin a yi leap, mu tuni magabata suka ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Namu ma akwai waɗanda ba sa ƙetarawa. In muka ce wane ya yi tsalle ya dire ya ce bai yarda ba, ko wance ta tsallake rijiya da baya, duk yaron da ya juya su kalma da kalma a takardar insha'i, mai makin zai riƙe baki ne kawai. Na farkon insist ne ko refuse, na biyun narrow escape. Wannan ma darasi ne da ya kamata yaro ya ji tun da wuri, cewa ma'ana ake ɗauka a ƙetara da ita, kalmomin a bar su a gaɓa.

Akwai kuma wanda Turancin Nijeriya ne ya haife shi, wato frog jump. Babu wanda ya tashi a ƙasar nan bai san shi ba: a kama kunne, a tsuguna, a yi ta tsallen kwaɗo har cinya ta ɗau rawa, ko a makaranta ko a hannun masu kaki a bakin hanya. In ka gaya wa mutumin Ingila an sa ka frog jump, zai ɗauka motsa jiki ka je. Abin da ya fi sani shi ne leapfrog, wasan yara ne, ɗaya ya duƙa ɗaya ya dafa bayansa ya haura, kuma da ita masu sharhin ƙwallo ke cewa wata ƙungiya ta tsallake wata a tebur.

Sai maganar furuci, wadda ita ce maƙwabtanmu suka fi tsokanarmu da ita. Ku lura, jump da leap da hop da skip duk da harafin p suka ƙare, mu kuwa a Hausa ba mu raba p da f ba. Shi ya sa leap kan fito daga bakinmu kamar leaf, wato ganye. Ba abin kunya ba ne, kowace ƙabila a garin nan tana da harafin da ke ba ta wahala, amma tun da akwai takardar furuci a WAEC da NECO, gara a gyara wa yaro tun yana ƙarami. Dabarar mai sauƙi ce: a p leɓɓa biyu ke haɗuwa su rufe gam sannan su buɗe, a f ta Turanci haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa iska ta wuce. A rubutu kuma a kula da ninka harafi. Hopping da hopped na langa ne, hoping da hoped na fata ne, p guda ce ta raba su. Leap tana karɓar leapt ko leaped, duka daidai ne. Spring kuwa sprang ce jiya, sprung in an riga an yi.

Hanya mafi daɗi ta koya wa yaro waɗannan kalmomi ita ce wasanni, domin can kowace take da filinta. Long jump shi ne tsallen nisa, kuma da shi Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta ciyo wa Nijeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta da mita 7.12, a watan Agusta 1996, wata biyu kafin a haifi jiharmu. Ese Brume ta ciyo tagulla a irinsa a Tokyo a 2021. Hurdles shi ne tsallen baɗake, gudu ana tsallake shinge, inda Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a Amurka a 2022. High jump na tsawo ne, pole vault na dogara sanda. Triple jump kuwa tsohon sunansa ma darasi ne, hop, step and jump: ka tashi ka dira a ƙafar da ka tashi da ita, ka yi dogon taki zuwa ɗayar, sannan ka daka tsalle cikin yashi. Wasan 'yar gala-gala da 'yan matanmu ke zanawa a ƙasa, Bature hopscotch yake ce masa. Langa ma ba a bar ta a baya ba, tana cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa tare da dambe da kokawa.

Ga wasu biyu na ƙarin hira a majalisa. Me ya sa ake ce wa shekara mai kwana 366 leap year, wadda malamanmu ke kira kabisa? A shekarun da aka saba, kowace rana takan matsa gaba da kwana ɗaya a mako, amma in 29 ga Fabrairu ta shigo sai ta tsallake guda. Ranar 1 ga Oktoba ta faɗo Asabar a 2022, Lahadi a 2023, a 2024 kuwa sai ta haure Litinin ta dira a Talata. Na biyun, jamfar da muke sawa daga jumper ta Turanci muka aro sunanta. Sai dai masu bin asalin kalmomi da yawa suna ganin wannan jumper ba ta da dangantaka da tsalle. Sun ce daga sunan wata gajeruwar riga ta fito, wanda Turawan Ingila suka karɓa daga Faransanci, Faransawa kuma daga jubba ta Larabci. In haka ne, jamfa da jabba 'yan gida ɗaya ne, ɗaya ta biyo ta Sahara, ɗaya ta zagayo ta teku, suka haɗu a shagon telan unguwarmu.

Abin da muke roƙo ba ya cin ko sisi. Iyaye mata, ku da kuka fi zama da yara, in yaro ya ce ya yi tsalle ƙasa, ku ce masa dirowa ka yi. In kaka tana gida, a bar ta ta yi musu tatsuniya da Hausarta ta asali, zomo ya yi wuf, kura ta zabura, gizo ya haure danga. A bar yara su yi langa da 'yar gala-gala a layi kafin magariba. Malaman darasin yamma, in kun zo kan leap ko pounce, ku fara tambayar yara yadda ake faɗa a gida kafin ku buɗe ƙamus, in ba su sani ba ku ba su duka biyun a rana ɗaya. Ɗalibanmu na jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha, ku ne idon unguwa: in dattijo ya kawo takardar kotu ko ta banki ko ta asibiti, ku zauna ku karanta masa a tsanake, kalmar da kuka yi shakka a kanta ku duba ta kafin ku fassara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma iyayenmu da suka zo garin nan sun koyi gaisuwa da ciniki a harsunan da ba a haife su da su ba, ba tare da sun yar da nasu ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya zaunar da Lafia da Jihar Nasarawa lafiya. Amin.